Ƙashi Ya Goce: Da'awar Masu Gyaran Gadon Baya da Sana'ar Ɗori a Ƙasar Gwarzo da Kabo



Na tabbata akwai wanda ya ga sanarwar wannan lacca ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin Hausa da ƙashin baya, alhali ga likitoci a Asibitin Ƙashi na Dala? To, kalma guda ce ta jawo ni cikin wannan magana, watau kalmar "gocewa". A 'yan shekarun nan an shigo mana da wata da'awa, ta cikin wayar hannu da ta bakin masu tallar magani, wadda ke cewa yawancin cututtukan ɗan Adam daga gadon baya suke tasowa. Wai ƙashi ne ke gocewa ya danne jijiya, daga nan sai hawan jini ya biyo baya, ko gyambon ciki, ko ciwon suga, ko rashin haihuwa. In an danna ƙashin ya yi ƙas ya koma mazauninsa, shi ke nan an rabu da cuta. Wannan da'awa ba a ƙasar Hausa aka haife ta ba. Tana da garinsu, tana da shekarar haihuwa, an kuma san sunan wanda ya ƙago ta. Amma da ta iso nan sai ta ari rigar maɗori ta saka, domin kalmar da aka fassara ta da ita kalmarsa ce. Abin da nake so in nuna a wannan zama shi ne, gocewar da maɗori ke nufi daban take da wadda masu wannan da'awa ke nufi, kuma rikita su yana iya jawo wa mutum asarar ƙafafunsa.

Zan kafa misalaina a ƙasar Gwarzo da Kabo. Wanda ya bi hanyar da ta wuce ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya nufi yamma, zai wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, sa'an nan ya isa Gwarzo, tafiyar wajen kilomita 70. Gaba kuma sai Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Mutanen wannan yanki, tun daga Garo da Gude har Getso da Kutama da Lakwaya, manoma ne, noman kuwa na duƙe ne. Daga noman firi zuwa maimai, daga cirar gyaɗa zuwa roron wake, a sunkuye mutum yake wuni da fartanya mai gajeriyar ƙota. Mata kuwa ga daka, ga surfe, ga goyo, ga ɗaukar ruwa. Ɗan dako ranar kasuwa ya saɓa buhun masara a dokin wuya, ya sauke, ya koma ya ɗauko wani. Ciwon baya a can ɗan gida ne. Ba su kaɗai ba kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da tsatso, kuma babu larurar da ta fi shi tauye mutane daga aikinsu. Inda masu ciwo suka yi yawa haka kuwa, nan mai magani ke kasa kayansa.

Ƙirar Gadon Baya

Kafin mu shiga da'awar, ya kamata mu dubi abin da ake da'awar a kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana saran gadon bayan rago ya ga ƙirarsa: ƙananan ƙasusuwa ne a jere, kowanne da rami a tsakiya, ramukan sun haɗu sun zama kamar bututu, a cikin bututun kuma ga wani farin abu mai taushi, shi ne laka. Na ɗan Adam ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 5 a tsatso, sa'an nan 5 da suka manne suka zama ƙashi guda a kwankwaso, da wasu 'yan ƙanana 4 a can ƙarshe. Guda 24 na sama su ne ke motsi. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifai na guringuntsi, wanda aikinsa kamar na gammo ne a kan mai ɗaukar kaya. Daga lakar nan jijiyoyi ke fitowa tagwaye-tagwaye har sau 31, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ta wasu kafofi da ke tsakanin ƙasusuwan, su bazu cikin jiki. Ƙasusuwan kuma ba ɗora su aka yi kamar jeren ƙore ba, wanda da an taɓa sai ya zube. An ɗaure su gaba da baya da igiyoyi masu tsananin ƙarfi, kowanne kuma ya saƙale na ƙasa da shi, ga tsoka ta lulluɓe su.

Bahaushe ya daɗe da sanin girman wannan wuri, harshensa ma shaida ne. In mutum ya yi laƙwas sai a ce jikinsa babu laka. In ana maganar zuriya sai a ce wane ya fito daga tsatson wane. Saboda haka wanda ya zo ya ce masa lafiyar jiki duka a gadon baya take, ya tarar da ƙofa a buɗe.

Palmer da Makarantarsa

Daniel David Palmer an haife shi a Kanada a 1845, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana saurayi. Ya yi koyarwa, ya yi kiwon zuma, ya yi tireda, daga bisani ya buɗe wurin ba da magani a garin Davenport na Jihar Ayowa, inda yake shafa marasa lafiya da hannu yana cewa maganaɗisun jikinsa ke warkar da su. Bai yi karatun likita ba. A watan Satumba na 1895, bisa ga faɗarsa, ya duba bayan wani baƙar fata mai sharar ginin da yake haya, sunansa Harvey Lillard, wanda ya shekara 17 kunnensa ba ya ji sosai. Ya ce ya tarar da wani ƙashi ya turo, ya danna shi, sai kunne ya buɗe. Wani malamin Kirista abokinsa, Samuel Weed, ya haɗa masa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai ma'anar hannu, ɗaya mai ma'anar aikatawa, aka sami sunan "kairofuraktik", watau aikin hannu. A 1897 ya buɗe makaranta. A littafin da ya fitar a 1910 ya rubuta cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan gadon baya suke, ragowar kuma daga gocewar sauran gaɓoɓi.

Sai a lura da zamanin da aka yi wannan magana. Tun 1880 Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin mutum a Aljeriya. A 1882 Robert Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka a Jamus. A 1897, shekarar da Palmer ya buɗe makarantarsa, Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin nan a cikin sauro a Indiya. Palmer ya juya wa wannan hanya baya. A wurinsa akwai wani abu da ya kira hankali na asali, wanda ke kwarara daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka zuwa kowane sashe na jiki. Lafiya ita ce kwararar nan ba tare da cikas ba, cuta kuwa ita ce tsayawarta. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa ruhun wani likita da ya riga ya rasu, mai suna Jim Atkinson, shi ya koya masa wannan ilmi. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka duk abin da ya ƙetaro teku ta ɗakin gwaji ya biyo. Da Bahaushe ne ya ce mataccen likita ke zuwa yana koya masa magani, da tuni mun san layin da za mu sa shi: tsakanin boka da ɗan bori.

A 1906 aka ɗaure Palmer a kurkuku na 'yan makonni saboda ba da magani ba da lasisi ba, makarantar ta koma hannun ɗansa, B. J. Palmer, wanda ya fi uban iya kasuwanci nesa ba kusa ba. Shi ya shigo da na'urar hoton ƙashi cikin sana'ar a 1910, ya kuma buɗe gidan rediyo a 1922 yana yayata ta. A makarantar tasu aka tsara irin taswirar nan da ake rataya wa a bango, wadda ta raba wa kowane ƙashi gaɓarsa: wannan na hanta ne, wancan na ƙoda, wancan na mahaifa. Wanda ya ga irinta a shagon masu gadon tausa na lantarki, to jikar wancan ce. Tun da wuri kuma sana'ar ta dare gida biyu, masu riƙo da koyarwar Palmer tsantsa, da masu gauraya ta da ilmin likitanci. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi shekaru tana yaƙar su, har wata kotu ta yanke hukunci a 1987 cewa ƙungiyar ta saɓa wa dokar ciniki da ta hana 'ya'yanta hulɗa da su. Sukan kawo wannan hukunci a matsayin hujja, amma hukunci ne a kan kasuwanci; alƙaliyar ba ta ce da'awar Palmer ta tabbata ba.

Kalmar da suke kiran wannan gocewa da ita, "sabulakseshan", daga Latinanci take, ma'anarta gocewar da ba ta cika ba. Likitoci ma suna amfani da ita, amma ga gaɓar da ta zame har hoto ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoran da ta fitar kan wannan sana'a a 2005, ta ga tilas ta yi bayani cewa ma'anar kalmar a wurin mabiya Palmer ba ita ce ma'anarta a wurin likitoci ba. Idan a Turancin ma sai da aka yi wannan gargaɗi, ina ga Hausa?

Maɗori

Yanzu mu dawo gida. Maɗori a ƙasar Gwarzo da Kabo, kamar a sauran ƙasar Hausa, galibi gadon sana'ar ya yi, kuma manomi ne kamar kowa. A zaurensa ake kai masa mai rauni. Ya rarrabe aikinsa da kalmomi waɗanda ba ya rikita su. Karaya ita ce ƙashi ya rabu. Tsagewa ita ce ya dare bai rabu ba. Targaɗe kuwa ƙashi lafiya lau yake, gaɓa ce ta gurɗe ta kumbura. Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga gurbinsa, kamar kafaɗa, ko gwiwar hannu, ko muƙamuƙin wanda ya cika hamma bakinsa ya ƙi rufuwa. Abin lura a nan shi ne, kowanne daga cikin waɗannan yana da sanadi, yana kuma da rana. Yaro ya faɗo daga kan mangwaro ranar Talata, ko jaki ya ka da shi, ko babur ya zame da mutum a yashi. Yana da alama wadda ido ke gani, hannu ke ji: kafaɗar da ta goce ba ta kama da 'yar'uwarta, mai ita kuma ba ya iya ɗaga ta. In an mai da ita, mai kallo ma ya san ta koma. Ba a zama wata shida ana zuwa kowane mako ana mai da kafaɗa guda.

Sa'an nan maɗori ya san iyakar gonarsa. Ba a kai masa mai zazzaɓi ko mai gudawa, in ma an kai zai ce an yi ɓatan kai. Wanzami na nan da ƙahonsa da askarsa, ungozoma na nan, mai magani na nan da saiwoyinsa, malam na nan da allonsa, kowa da fagensa. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, maƙwabtan Gwarzo, ya kuma fitar da littafi kan maganin Hausawa a 1988, irin wannan rabon aiki ya tarar. A cikin masu maganin gargajiya duka, maɗori ne aikinsa ya fi fitowa fili, domin ƙashi ba ya rufa wa kowa asiri. In an ɗora daidai za a gani, in an ɗora a karkace har kabari za a gani.

Ban zo nan don in wanke maɗora ba. Likitocin Dala, asibitin da aka buɗe tun 1959, sun sha karɓar hannun yaro wanda aka tamke da karare da tsumma har jini ya daina gudana, ya yi baƙi ya ruɓe, ba yadda za a yi sai yankewa. Karayar da ƙashi ya huda fata, da karayar gwiwar hannun yara, da ta cinya, ba aikin zaure ba ne. Amma kuskuren maɗori kuskure ne na hannu, a kan rauni wanda lalle akwai shi. Bai taɓa cewa ciwon suga karaya ce ba.

Bari in ɗan ratse. Larabawa suna kiran ɗori "jabru", daga nan ne kuma sunan lissafin nan na aljabara ya fito, domin shi ma mai da abin da ya rabu ne a haɗa shi. Har a tsohon harshen Sifen kalmar da ake kiran mai aljabara da ita, ita ake kiran maɗori. Babban likitan Andalus, Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe wa ɗori sashe guda a littafinsa At-Tasrif. Da ya zo kan gadon baya sai ya bayyana cewa in ƙashin baya ko na wuya ya goce gaba ɗaya, to babu dabara, mutuwa na kusa, alamarsa kuwa ita ce mutum ya kasa riƙe bayan gida, gaɓoɓinsa su saki. Shekara dubu ke nan da aka san cewa gocewar gadon baya ta gaskiya ba abu ne da mutum ke yawo da shi a kasuwa bai sani ba.

Jijiya

Akwai kalma ta biyu da ke taimakon wannan da'awa, ita ce jijiya. Abubuwa da yawa Hausa ta tara cikin wannan kalma guda: hanyar da jini ke bi jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara, jijiya ce, farin zaren da ke kai saƙo daga laka shi ma jijiya ne. Saboda haka in aka ce wa mai noman rani a bakin madatsar Guzu-guzu ƙashi ya danne masa jijiya, abin da zai zo masa a rai shi ne tiyon injin ban-ruwa da aka taka, ruwa ya daina isa ga tumatir. Masu wannan sana'a ma da irin wannan misali na tiyo suke bayani. To amma jijiyar saƙo ba bututu ba ce, kuma ba kowace ce ke bi ta gadon baya ba. Jijiyar ji daga cikin kunne take shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, duk tafiyarta cikin ƙoƙon kai ce. Ban san ta inda danna bayan Lillard zai isa gare ta ba. Babbar jijiyar da ke sassauta bugun zuciya, take kuma motsa tumbi da yawancin hanji, daga gindin ƙwaƙwalwa take saukowa ta gefen wuya, ba ta shiga bututun laka. Ga kuma hujja a nan kusa da mu: tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙodar da aka ciro daga jikin wani an yanke duk jijiyoyin da suka haɗa ta da lakarsa, amma da an dasa ta sai ta kama tace jini.

Ba wai ƙashi ko faifan guringuntsi ba ya danne jijiya ba ne; yana yi. Amma in ya yi, alamarsa sananniya ce: ciwo ya taso daga ƙugu ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, ƙafar ta riƙa minjirya, ko wani sashe nata ya mutu, ko ta yi rauni. Iyakar inda jijiyar ta nufa, nan ciwon ke tsayawa.

An kuma gwada da'awar. A 1973 wani masanin ƙirar jiki na Jami'ar Yale, Edmund Crelin, ya ɗauki gadon bayan gawa 6, ya matsa, ya murɗa, ya lanƙwasa da na'ura, yana auna kafofin da jijiyoyi ke fita; ƙashi bai taɓa jijiya ba sai da gadon bayan ya karye. A 1994 aka ɗauki hoton tsatson mutum 98 waɗanda bayansu ba ya ciwo, da na'urar MRI, a Amurka. Kashi 52 cikin ɗari an ga faifansu ya ɗan turo, kashi 36 kaɗai aka samu ba wani abin nunawa. Watau in aka ɗauki hoton mu da ke zaune a wannan ɗaki, fiye da rabinmu za a sami abin da za a ɗora wa yatsa a ce ga cutar nan. A 1998 a Kanada aka raba yara 80 masu asma gida biyu, wasu aka yi musu gyaran gadon baya na sosai, wasu na jeka-na-yi-ka, ba a ga bambanci a numfashinsu ba. Daga ƙarshe, a 2010, hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Ingila, tasu ta kansu, ta sanar cewa babu hujjar bincike da ta nuna wannan gocewa tana haddasa cuta.

Ƙarar nan ta ƙas kuwa, wadda ita ce jarin masu ɗora hotunansu a TikTok da Facebook, iri ɗaya ce da ta yatsun da yara ke ja. Kumfar iska ce ke samuwa cikin ruwan gaɓa in an buɗa ta da sauri. A 2015 an ɗauki hoton faruwarta a Jami'ar Alberta. Shi ya sa yatsan da ya yi ƙara ba ya sake yi sai bayan kamar minti 20. Ba wani ƙashi da ya fita, balle ya koma.

Adalci ya sa in faɗi inda aikin ke da amfani. A 2019 aka tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, aka ga danna gadon baya yana rage ciwo gwargwadon yadda sauran hanyoyin da likitoci ke bayarwa suke ragewa, bai fi su ba, bai kuma gaza su ba. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da tausa da motsa jiki, cikin abubuwan da za a iya yi wa mai irin wannan ciwo. Ta kuma hana ɗaure ƙugu da ɗamara, da jan gadon baya da na'ura, da shan ƙwayoyi dangin tiramadol, waɗanda mun san ɓarnar da suka yi wa 'yan ƙwadagonmu. Da yawa daga masu wannan sana'a a yau sun ajiye koyarwar Palmer, sun tsaya a kan ciwon baya da na wuya, waɗannan ba ni da ja da su. Mu ma muna da namu: manomi ya dawo daga gona ya kwanta ruf da ciki ƙaramin ɗansa ya tattaka masa baya, ko a gasa masa da ruwan zafi a shafa man kaɗanya. Sai dai a tuna, yawancin ciwon baya kan lafa da kansa cikin 'yan makonni, wanda ya taɓa mutum a ƙarshe kuwa shi ke kwashe godiya.

Saboda haka shawarata ga masu fassara a gidajen rediyo da jaridu, da ɗalibanmu da za su gaje su, ita ce su kira wannan aiki tausar gadon baya, su bar wa maɗori da likitan ƙashi kalmar gocewa. Dalilin da ya sa na nace kuwa shi ne akwai cututtuka a ƙasarmu waɗanda suke shigowa da kamannin ƙashin da ya goce.

Na farkonsu tarin fuka ne na gadon baya, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta a 1779. Ƙwayar nan da Koch ya gano ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Takan bi jini ta sauka a ƙashin baya, ta cinye shi a hankali kamar yadda gara ke cin azara, har ya rufta ta gaba, wani ƙullutu ya turo ta baya, doro ya fara fita. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Yanzu a ɗauka yaro ne a Getso ko a Garo, ya yi wata uku yana kukan baya, yana rama, yana zazzaɓi da gumin dare, ga ƙashi ya turo ana gani. Wane bayani ne zai fi shiga kunnen iyayensa kamar a ce ƙashi ne ya goce? In aka kwantar da shi aka danna da ƙarfi, ƙashin da ya riga ya rube yana iya ruftawa kan laka, yaron da ya zo da ƙafarsa a mai da shi gida a goye. Alhali maganin ƙwayoyi ne na wajen shekara guda, kyauta kuma ake ba da su a asibitocin gwamnati. Haka ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashi, haka ƙashin tsofaffi da ya yi sakayau.

Wuya ma haka. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman da bazara, ba makwanci ne ya jawo shi ba sai an tabbatar. Waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ba sa bukatar a tuna musu. Ko wuya mai lafiya, akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsa ƙasusuwansa su kai jini ƙeya, an kuma sami mutanen da jijiyar ta tsage bayan an fizge musu wuya, suka sami shanyewar ɓarin jiki. Abin ba shi da yawa, masana kuma ba su gama daidaitawa ba kan ko fizgar ce sanadi ko kuwa tsagewar ce ta fara kai mutum neman magani. Duk da haka Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da mutum wannan kafin a taɓa wuyansa. Jariri kuwa, wanda ƙashinsa bai gama ƙosawa ba, ban ga dalilin da zai sa a miƙa shi ba. Palmer da ɗansa dukansu sun yi adawa da allurar riga-kafi, tun da a ganinsu cuta daga ƙashi take. Mu da muka ga yadda shan inna ya sake bazuwa bayan dakatar da riga-kafi a Kano a 2003, mun san kuɗin irin wannan ra'ayi.

Mai ciwon baya da ya ga ƙafarsa tana rauni, ko matse-matsinsa ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa bai sani ba, wannan maganar sa'o'i ce, asibiti za a nufa a ranar.

Saura gocewa ta gaskiya, irin wadda Az-Zahrawi ya ambata, wadda muke gani a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo duk lokacin da mota ta ƙwace ko babur ya yi karo. Mutum yana kwance yana cewa wuyansa ko bayansa, ko yana cewa ba ya jin ƙafafunsa. Jama'a, saboda tausayi, sai wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a naɗe shi a kujerar baya, ko a zaunar da shi a tsakiyar babur, wani ma ya ce a ja shi ƙashin ya koma. Sau da yawa lakar da hatsari ya bari da sauranta, ɗaukar ce ke ƙarasa ta, laka kuwa in ta tsinke babu maɗorin da ke ɗora ta, a Kabo ko a Landan. Abin yi shi ne kada a zaunar da shi, kada a lanƙwasa shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu daidai da gangar jikinsa, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a kai gaba ɗaya kamar gungume, a tare kan da tsumma dama da hagu, a ɗaure shi da rawani ko zane, a sa shi a bayan a-kori-kura a kwance, sai Babban Asibitin Gwarzo, daga can su tura shi Dala ko asibitin Malam Aminu Kano.